Yadda Ake Tara Kuɗin Azurfa na Kirsimeti, a Rataye Su a Bishiya Ba Tare da Sun Lalace Ba

Na daɗe ina zaune a Jamus da iyalina, kuma duk Disamba akwai abin da ba ma tsallakewa a gidanmu: sai an ƙara kuɗin azurfa guda ɗaya a kan waɗanda muke ratayewa a bishiyar Kirsimeti. Ɗaya tak a shekara. 'Yan'uwa da suka kawo mana ziyara sun sha tambayata inda ake samunsu, da yadda ake gane na ƙwarai, da abin da ya hana ni huda su in zura zare kamar yadda aka saba. To ga bayanin, tun daga saye har ranar da za a mayar da su akwati.

Kuɗin azurfa ba baƙo ba ne a wajenmu. Kakata tana da liyari guda, kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda tun bayan rasuwarta ko yaushe aka buga shi shekarar 1780 ce ake rubutawa a jikinsa. Irinsa ne ya ratso Sahara ya shiga kasuwannin Borno da Kano, maƙeran farfaru suna narkawa su yi mundaye da zobba. Nata wani maƙeri ne ya lika masa ɗan kunne, take sa shi a wuya da kirtani. Shi ne kuɗin azurfa na farko da na taɓa riƙewa, kuma nauyinsa a tafin hannu ne ya sa mini son abin.

Da farko: ka san abin da kake saye

Abu uku ne ke kama da juna a ido, amma ba ɗaya ba ne.

Akwai kuɗin da wata ƙasa ta buga da sunanta. Za ka ga sunan ƙasar, da shekara, da darajarsa a rubuce, kamar yuro 25 ko fam 20. Akwai kuma lambar azurfa wadda wani kamfani ya buga, mai siffar kuɗi amma babu sunan ƙasa babu daraja a jiki. Wannan ma tana iya zama azurfa zalla, sai dai ranar sayarwa nauyinta kawai za a auna a biya ka. Na uku shi ne wanda aka yi da jan ƙarfe ko tagulla aka shafa masa ruwan azurfa. A Jamus ana rubuta versilbert a kwalinsa da ƙananan baƙaƙe, a ƙasashe masu Turanci kuma silver plated. Idan ka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan, ka sani kayan ado ka saya, babu azurfar da za a auna.

Kada kuma ka ɗauka duk kuɗin Kirsimetin da gwamnati ta buga azurfa ne. Latbiya ta fitar da kuɗi mai hoton bishiya a 2009, don tunawa da bishiyar da ake cewa an ƙawata a birnin Riga a 1510. Ingila ma ta fitar da fam 5 mai hoton bishiya a 2017. Dukansu kyawawa ne, amma haɗin jan ƙarfe da nikel ne. Tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ayalan, ya fara buga kuɗin Kirsimeti na fens 50 tun 1980, kuma akwai na gama-gari akwai na azurfa, zane iri ɗaya. Saboda haka kada hoto ya ruɗe ka, nemi lambar tsarki: 999 na nufin azurfa zalla, 925 kuma na nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ne, sauran yawanci jan ƙarfe.

Na biyu: ka zaɓi layi ɗaya ka bi

Nan ne yawancin sababbin shiga ke ɓata. Gidajen buga kuɗi da yawa suna fitar da na Kirsimeti kowace shekara. Na Kanada ya yi wasu masu duwatsun ƙyalli a jiki, Perth Mint na Ostareliya ya yi masu siffar tauraro, Royal Mint na Ingila ya fitar da fam 20 na azurfa mai hoton haihuwar Almasihu a 2016. Wanda ya ce zai bi su duka zai ƙarar da aljihunsa ya tashi da tarkace marar kai marar gindi.

Ni layin Jamus na fi so. A 2021 suka fara jerin yuro 25 na Kirsimeti, azurfa 999, nauyin giram 22, faɗin milimita 30, an buga shi da ɗan zurfi kamar faranti. Na 2021 haihuwar Almasihu ne, na 2022 tauraron garin Herrnhut mai tsinaye da yawa wanda ake ratayewa a ƙofofi, na 2023 bakan kyandir na katako da mutanen tsaunukan Erzgebirge ke ɗorawa a taga, na 2024 kuma zoben ganye mai kyandir huɗu da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya a Lahadi huɗun da ke gaban Kirsimeti. Abin da ya ja ni gare su shi ne kowanne yana ɗauke da abin da yarana ke gani da idonsu a titi da gidajen maƙwabta.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma ga hanya mai sauƙi: sisi. Kalmarmu ta sisi daga kuɗin Ingila na fens shida ta samo asali, kuma a can al'ada ce a jefa sisin azurfa cikin ƙullun abincin zaƙin da ake dafawa don Kirsimeti, wanda ya ci karo da shi a rabonsa a ce ya yi sa'a. Tsofaffin sisi suna nan birjik, ba su da tsada. Ka dai kula da shekara. Wanda aka buga kafin 1920 azurfa 925 ne, daga 1920 zuwa 1946 rabi ne kawai azurfa, daga 1947 kuwa babu azurfa ko ƙwaya a cikinsa.

Na uku: ka yi lissafi kafin ka biya

Ana auna azurfa da ozar masu zinariya, wadda ta kai giram 31.1. Duba farashin oza na ranar a intanet. Sai ka ɗauki nauyin kuɗin, ka ninka da tsarkinsa (999 ka rubuta 0.999, 925 kuma 0.925), ka raba da 31.1, ka ninka da farashin. A ce misali oza tana yuro 30, kuɗi mai giram 22 na azurfa zalla yana ɗauke da azurfar kusan yuro 21. Duk abin da aka ɗora a kan wannan kuɗin zane ne, da kwali, da ƙarancin adadin da aka buga, da ribar mai sayarwa.

Bugu iri biyu ne. Akwai na yau da kullum mai sheƙi daidai gwargwado, akwai kuma bugun madubi, wanda Jamusawa ke rubutawa Spiegelglanz, Ingilishi kuma Proof, inda filin kuɗin ke ɗaukar ido kamar madubi zanen kuma ya fito fari tas. Na madubin ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ya fi saurin nuna tabo. Shawarata, wanda za a rataye a bishiya a gidan da akwai yara a sayi na yau da kullum. Kada kuma ka shiga harkar da niyyar riba. Kuɗin Kirsimeti masu launi da duwatsu sukan zo da farashin da ya ninka azurfarsu, ranar sayarwa kuwa da wuya a mayar maka da abin da ka kashe.

Wajen saye, ka fi ba da ƙarfi ga gidan buga kuɗin kansa ko dillalin da yake da kanti da rasit. Ka ajiye rasit ɗin da takardar shaidar da ke cikin kwali.

Na huɗu: gwaji

Wannan matakin zan daɗe a kansa, domin nan aka taɓa cuta ta.

Wata Asabar a kasuwar gwanjo na ga wani kuɗi mai hoton bishiya da dusar ƙanƙara, an rubuta oza ɗaya, 999. Kyawun ɗan maciji. Farashinsa bai kai na azurfar da ya kamata a ce tana ciki ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni, amma kwaɗayin araha ya rufe mini ido. Mai sayarwar har ɗora shi ya yi a ɗan sikelinsa ya nuna mini giram 31. Na biya na taho gida ina murna. Sai da na ajiye shi kusa da wata ozar da na tabbatar da ita na ga ya fi ta kauri. Jan ƙarfe bai kai azurfa nauyi ba, don haka mai yin jabu dole ya ƙara kauri ko faɗi kafin nauyin ya cika.

Kayan gwajin ba su da yawa: ɗan sikelin lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ma'aunin kauri irin na makanikai, maganaɗisu mai ƙarfi, kofin ruwa, da zaren ɗinki.

Fara da nauyi da faɗi da kauri, ka gwada su da abin da gidan buga kuɗin ya wallafa. Liyari, alal misali, giram 28.07 ne, tsarkinsa 833. Sisi giram 2.83. Tsohon kuɗi da ya sha hannu yakan ragu kaɗan, amma sabo bai kamata ya kauce ba.

Sai maganaɗisu. Azurfa ba ta kama shi. Idan ya manne, zance ya ƙare, jabu ne. Idan bai manne ba, karkata kuɗin yana cikin ƙwansonsa na roba ka saki ɗan maganaɗisun a kai. A kan azurfa zai gangaro a hankali kamar ana riƙe shi. Sai dai jan ƙarfe ma yana yin kusan haka, shi ya sa wannan gwajin shi kaɗai bai wadatar ba. Jabuna ya tsallake shi lafiya lau.

Gwajin ruwa ne ya tona masa asiri. Ga yadda ake yi. Auna kuɗin a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka danna ya koma sifiri. Ɗaure kuɗin da zare ta tsakiya, ka riƙe bakin zaren ka nutsar da shi a hankali har ruwa ya shanye shi, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Idan ka ga 'yan kumfa sun maƙale a jikinsa, ɗan girgiza zaren su tashi. Tsaya hannunka ya natsu, ka karanta lambar da sikeli ya nuna. Yanzu raba nauyin bushe da wannan lambar. Azurfa zalla tana ba da wajen 10.5. Wato oza ta gaskiya za ta nuna kusan 2.96 a cikin ruwa, mai giram 22 kuma kusan 2.1. Nawa 3.5 ya nuna. Da na raba sai ga 8.9, lambar jan ƙarfe sak. Na zauna ina kallon sikelin, raina a ɓace, don na riga na gaya wa 'yata na samo mata kuɗin bana.

Bayan gwajin ka shanya kuɗin a kan tsumman auduga mai laushi, ka ɗan danna ruwan ya tsotse, kada ka goga. Kuma gwajin ruwa na tsofaffin kuɗi ne da na yau da kullum da kake shakka a kansu. Bugun madubi da ya zo a rufe daga gidan buga kuɗi, kada ma ka buɗe shi.

Tsofaffi suna da nasu gwajin, na kunne. Su ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa su ƙwanƙwasa gefensa, azurfa ta yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, jabu ya ce ƙwas ya yi shiru. Yana aiki, amma yana barin tabo, don haka a bar shi ga liyari da tsohon sisi.

Na biyar: riƙewa da adanawa

Riƙe kuɗi ta gefe ake yi, tsakanin babban yatsa da manuni, in da hali da safar hannu ta auduga. Zufa da maiƙon yatsa suna barin shaida a fuskar azurfa wadda ba ta fita. Kada ka yi magana ko ka hura iska a kansa.

Azurfa ba ta tsatsa, dafewa take yi, kuma farar wuta da ke yawo a iska ce ke jawo hakan. Robar ɗaure kuɗi, ulu, takardar jarida, tururin ƙwai da albasa a kicin, hayaƙin injin, duk suna hanzarta baƙin. Ledar nan mai laushi mai ƙamshin sabuwar roba ita ma abokiyar gaba ce, tana barin wani kore-kore mai danƙo bayan an jima. Abin da ya dace shi ne ƙwanson roba mai tauri kuma garau, wanda ya yi daidai da faɗin kuɗin. Auna milimita kafin ka saya, don idan ya yi masa yawa zai riƙa kaɗawa a ciki yana gogewa.

Idan kuma ya riga ya dafe, ka bar shi. Na san hannu yana ƙaiƙayi, don mun taso muna ganin iyaye mata suna goge mundaye da toka ko lemun tsami su fito fes. Munduwa daban, kuɗin tarawa daban. Gogewa tana barin siraran layuka da masana ke ganewa da kallo ɗaya, kuma nan take darajarsa ta faɗi zuwa kuɗin nauyi. Dafewar shekaru kuwa, wasu ma ƙarin kuɗi suke biya saboda ita.

Na shida: bishiyar

Al'adar ƙawata bishiya daga yankin masu jin Jamusanci ta fito. Akwai rubutu na 1605 da ke bayanin yadda mutanen birnin Strasbourg, wanda yanzu yake cikin Faransa, ke kafa bishiya a ɗaki su rataya mata furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi. Ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu gaban bishiya a 1848. Ƙwallayen gilashi daga garin Lauscha na Jamus suka yi suna a ƙarni na 19, fitilun lantarki kuma wani Ba'amurke mai suna Edward Johnson ne ya fara ɗora su a bishiya a birnin New York a 1882. Kafin nan kyandir ake kunnawa, kuma har gobe akwai gidajen Jamusawa da ba su daina ba.

Idan ɗanyar bishiya za ka saya, ja reshe ɗaya ta cikin tafin hannunka. In ganyen ya zubo, ta kwana biyu da sarewa, nemi wata. Irin da ake kira Nordmann ita aka fi saye a nan, ganyenta ba ya suka kuma ba ya saurin zuba. Da ka iso gida ka yanke kamar santimita biyu daga gindinta don ta iya shan ruwa, ka kafa ta a mazauni mai ɗaukar ruwa, nesa da abin ɗumama ɗaki. Kwance ragar da aka naɗe ta ka bar ta ta kwana, rassan su sauko su zauna. Kullum ka duba ruwan, musamman kwanakin farko da take sha da yawa.

'Yan'uwa na Jos da Kaduna da Wusasa da ke amfani da ta roba, aikinku ya fi sauƙi. Ku dai zauna ku buɗe kowane reshe ɗaya bayan ɗaya, ku karkaɗe ƙurar bara. Rassanta na waya ma sun fi ɗaukar nauyi.

Fitilu ake fara sawa, a kunne, don ka ga inda duhu ya rage. Fara daga sama ka riƙa shiga da su ciki wajen gangar jiki kana fitowa. Ka yi amfani da ƙananan fitilun zamani marasa zafi. Bayan su sai igiyoyin ado, sai manyan ƙwallaye a ƙasa da ciki, ƙanana a sama da bakin rassa. Ka riƙa ja da baya kana kallo daga bakin ƙofa. Tauraron can ƙoli wasu da shi suke rufewa, ni kuwa tun farko nake ɗora shi, kafin in cika bishiyar da abin da zai fashe in na jingina.

Na bakwai: rataye kuɗin

Kuɗin ne ƙarshe, bayan komai ya zauna.

Kada a huda, kada a lika kunne, kada gam ko salatif ya taɓa jikinsa. Yana cikin ƙwansonsa zai hau bishiya. Akwai ƙwanso da ake sayarwa mai ɗan kunne a sama, shi ya fi sauƙi. In ba ka samu ba, nemi 'yar jakar yadi shara-shara mai zugewa, irin wadda ake saka 'yan kunne, ka zura ƙwanson ciki ka ɗaure bakin. Hanya ta uku ita nake bi: in zagaye bakin ƙwanson da siririn ƙyallen auduga, in ƙulle shi tam a sama, in ɗiga gam kaɗan a inda ƙyallen ya kwanta a kan robar ta waje don kada ya zame, in bar shi ya kwana ya bushe kafin in mayar da kuɗin ciki. Kada a sa robar ɗaure kuɗi ko zaren ulu.

Ka tuna kuɗi ya fi ƙwallon gilashi nauyi sau da yawa. Idan ka rataye oza a bakin reshe, reshen zai sunkuya, zaren ya sulluɓe, ƙwanso ya fashe a ƙasa. Nemi reshe mai kauri, ka shiga da kuɗin kamar rabin tsawonsa, ka naɗa zaren sau biyu. Ka sa shi inda fitila ɗaya ke haska shi ta gefe, a nan zanen ke fitowa. Ka duba kada ƙaron bishiya ya ɗiga masa, kuma in kyandir ake kunnawa a gidan, kada ya kasance saman harshen wuta.

Tsayi ma abin lura ne. Sisi ƙarami ne, yaro mai rarrafe zai iya kai shi baki, kyanwa kuma duk abin da ke lilo sai ta kai masa hannu. Daga ƙirjin babba zuwa sama ya fi. Ranar da gida zai cika da baƙi, ba laifi ba ne ka sauke masu tsadar ka bar ɗaya ko biyu.

A gidanmu ranar 24 ga Disamba da yamma muke yi, kamar yadda maƙwabtanmu suka saba. Nakan jera ƙwansunan a tebur bisa shekara, yara su riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, kowanne mu faɗi abin da ya faru a shekararsa: wannan shekarar da muka sauya gida, wannan shekarar da aka haifi auta, wannan shekarar da Kaka ta rasu. Na bana shi ne na ƙarshe, kuma ƙaramin cikinsu ne ke nuna reshen da za a sa shi.

Saukewa

Yawanci ranar 6 ga Janairu ake sauke bishiya a nan, ko da yake wasu gidajen Katolika suna kai wa 2 ga Fabrairu. Kuɗin za ka fara cirewa, ka ƙirga su tun bishiyar tana tsaye, don ƙwanso garau yana iya ɓuya a cikin ganye a fitar da shi bola. Goge bayan kowane ƙwanso da busasshen tsumma, ka duba ko ya tsage, ka canja wanda ya tsage. Jera su a akwati mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka ajiye a ɗaki busasshe, ban da kicin ban da ɗakin ƙasa. Masu zama a gida Najeriya ko Nijar, hunturu ba ya cutar da azurfar da ke rufe, damina ce abin tsoro, don haka ku sauya ƙullin kafin ruwa ya sauka.

Ina da ɗan littafi a cikin akwatin inda nake rubuta shekara, ƙasa, nauyi, tsarki, inda na saya da abin da na biya. Shafin farko na liyarin Kaka ne. Shi kaɗai ne ke hawa bishiya babu ƙwanso, da kunnensa da maƙeri ya lika masa, da kirtanin da ta bari a jiki.